Sunan da Na Faɗa a Kuala Lumpur

Tun da na dawo daga Malesiya ba a bar ni na huta ba. Matan unguwa, da tsofaffin abokan aikina na firamare, har da mai kawo mana ruwa, kowa tambayarsa ɗaya: yaya ƙasar take? Wasu kuma na san ba ƙasar ce ta dame su ba. Sun ji ƙishin-ƙishin cewa Malama Hadiza ta je can ta ajiye kunya, suna so su ji daga bakina. To, na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Dalilin tafiyar da kowa ya sani shi ne jego. 'Yata Bilkisu tana Kuala Lumpur tare da mijinta, wanda gwamnati ta tura karatun digiri na uku. Suna da yarinya ɗaya, Husna, 'yar shekara takwas, sai ga wani cikin ya zo bayan an daɗe ana jira. Suka ce in je in kula da ita.

Akwai kuma dalilin da ban faɗa wa kowa ba. Ɗana na fari ya rasu a ruwa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ya shiga kwale-kwale a nan Yauri zai je cin kasuwa tsallaken kogi, jirgin ya kife a tsakiya. Ba a ga gawarsa ba, ba kuma wanda ya san ko mutum nawa ne a ciki. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ni kuwa ban taɓa kira ba ko sau ɗaya. Na ma koyar da shi a aji huɗu. In ina kiran rajista na zo kan lamba ta goma sha ɗaya, sai in yi shiru in ɗaga kai, shi kuma ya miƙe yana murmushi ya ce, "Present, ma." Bayan rasuwarsa ƙannensa suka daina ambatonsa don kada su tayar mini da hankali. Mahaifinsu, wanda shi ne mai ƙwala masa kira a tsakar gida, ya bi shi bayan shekara shida. Daga nan sunan ya ɗauke a gidanmu ɗif. Babu kabari, babu takwara.

Saboda haka na tafi da buri ɗaya: in namiji Bilkisu ta haifa, a sa masa sunan. Sai dai suna haƙƙin uba ne, uban kuma surukina ne. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, Baban Husna nake ce masa. Ta yaya zan roƙi mutumin da ba na kallo ya ba ni sunan da ba na faɗa? Da wannan tambayar na shiga mota.

Autana Sani ne ya raka ni Abuja. Hanyar Kontagora kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Kafin Tegina taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin wata bishiya ina rungume da jakar kayan jego kamar wani zai ƙwace. Kuka ce a ciki da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ga gero, ga kanwa, ga turaren wuta, ga kilishin da na saya wa Baban Husna. Sani sai tsiya yake mini, wai in na isa kawai in buɗe shago.

A jirgin farko na zauna kusa da wata 'yar kasuwa Bakanuwa, Hajiya Ladi, mai zuwa Sin saro kaya. Ita ta riƙe hannuna a Addis Ababa ta kai ni har ƙofar jirgi na biyu, tana ja mini kunne: "Malama, a can ba a wasa da kayan maye. Duk wanda ya ce riƙe mini leda, ko uwarki ce ta dawo duniya, kar ki karɓa." A jirgi na biyu wani ɗalibi Inyamuri mai ladabi ya bar mini kujerar taga, wai in sha kallon teku. Na yi godiya, na ja murfin tagar na rufe. Ni da nake zagayawa ta bayan tasha in zan je kasuwar Yauri don kada idona ya faɗa kan kogi, ina ni ina kallon teku?

A filin jirgin Kuala Lumpur lallen da na sha ne ya fara ja mini. Na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni sau uku, sai da ma'aikaciyar ta goge mini yatsu da wani ɗan ƙyalle tana dariya. Na wuce wurin binciken kaya, nan aka buɗe jakata. Daddawa ta gaishe su, wani saurayi ya ja da baya. Kilishi dai suka ce nama ba ya shiga, na sallama. Sai hannun saurayin ya kai kan ledar kanwa, dunƙule-dunƙule, fari-fari. Fuskarsa ta canza. Ya kira wani, wanin ya kira wata. Maganar Hajiya Ladi ta faɗo mini.

Na tattaro Turancin da na koyar shekara talatin na ce musu gishirin ƙasarmu ne, da shi ake dama wa mai jego kunu. Na gutsura na sa a baki a gabansu. Babbarsu, wata dattijuwa mai ɗankwali, ta sa aka ɗan gwada shi a wani abu, sannan ta tambaye ni kwana nawa mai haihuwa take zama a ɗaki a wurinmu. Na ce arba'in. Ta ce su arba'in da huɗu ne. Ta ɗaure mini ledar da hannunta ta ce in gaida mai jego.

Ina fitowa na hango Baban Husna, idonsa ja saboda rashin barci. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, ni kuma ina amsawa ina kallon takalmina.

"Mama, an sauka da asubar nan. Namiji ne."

Na ce masha Allah. Kwana bakwai ke nan gare ni.

Gidansu a wata unguwa yake da ake kira Setapak, hawa na goma sha bakwai. Ɗaki biyu da falo, shanya a baranda, in ka leƙa ƙasa motoci kamar ƙwari. Kwana biyu ban je kusa da barandar ba. Da aka sallamo Bilkisu na tashi haiƙan zan fara wankan jego, sai na ga ba murhu, ba itace, ba garwa, ba ko ganyen darbejiya. Da butar lantarki na riƙa tara ruwan zafi a bokiti, ina yi ina mita.

Rana ta uku na yi abin da har yanzu ake ba da labarinsa a benen. Na sa gawayi a kasko na zuba turaren wuta yadda ya kamata, ba irin ɗan yayyafin da yaran yanzu suke yi ba. Wani abu a silin ya ɗauki ƙara kamar za a tashi duniya. Jariri ya tsala kuka, Husna ta toshe kunne tana cewa, "Kaka, what did you do!" Maƙwabta suka fito. A cikinsu akwai wata tsohuwa Bamalayiya da ake kira Makcik Rosnah, wato kamar mu ce Goggo Rosnah. Ta shigo, ta shaƙi turaren, ta ɗaga mini babban yatsa. Da yamma ta dawo da damin ganye masu ƙamshi da citta na wankan mai jego, da wani dogon ƙyalle da suke naɗe ciki da shi tun daga ƙugu har ƙirji. Ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin yarensu, amma a kan Bilkisu ba mu taɓa saɓawa ba. In ta ce za ta sha ruwan sanyi, tare muke daka mata tsawa, kowa da harshenta. Na ba ta kunun kanwa ta shanye, ta ba ni wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, durian. Wannan kam ban iya ramawa ba. Duk wanda ya ce daddawata tana wari, ya je ya shinshina shi tukuna.

Abincinsu shinkafa ne, safe da rana da dare. Da safe ma shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, da ɗan yaji mai zaƙi da gyaɗa da ƙananan kifi. Nakan ture kifin gefe, don tun rasuwar ɗana ba na cin kifi. Matan ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a can kuwa sun cika gidan da barka, Hausarsu rabi Turanci. Wata 'yar Zariya ta ce mini, "Hajiya, kin makan? In ba ki ci ba bari in yi miki tapau a ƙasa." Sai da Bilkisu ta fassara mini: wai na ci abinci? In ban ci ba za ta ƙunso mini. 'Yar Zariyan ce ta kai ni kasuwar Chow Kit sayen ƙafar saniya ta farfesu, na tarar da kuɓewa ɗanya jibge a tebur, har da rogo. Na tuna yadda na rungumo busasshiya tun daga Yauri, na wuce kamar ban gani ba.

Duk wannan hidimar, maganar suna tana nan a raina. Sau biyu na tarar da Baban Husna shi kaɗai a falo, sau biyu na tambaye shi ko ya ci abinci na wuce. Ko Bilkisu na kasa yi wa maganar.

Rana ta biyar Husna ta tayar da rigima. Tun da aka haifi ƙanenta ba wanda ya kula ta, kuma babanta ya yi mata alkawarin kai ta wani baje koli da 'yan ajinsu duk sun je. Bilkisu ta ce a tafi da ni in ga gari, Makcik za ta zauna da ita. Muka hau jirgin ƙasansu mai tafiya a sama ba direba, muka shiga wani katafaren kanti mai sanyi. Ina ɗaga kai na ga hoton jirgin ruwa ya cika bango, baƙi, da bututun hayaƙi huɗu.

Ba sai na faɗa muku sunansa ba. Jirgin nan ne na Turawa da aka ce ba ya nutsewa, ya ci karo da dutsen ƙanƙara a tafiyarsa ta farko, ya nutse da mutum sama da dubu da ɗari biyar. An yi fim a kansa, yaranmu sun kalla har kaset ya lalace. Ko a bakin kogin Yauri akwai wanda ya rubuta sunansa da fenti a jikin kwale-kwalensa, don rashin tsoron Allah. Na ja na tsaya na ce zan jira su a waje. Husna ta kama mayafina.

"Kaka, please lah. Boleh, boleh!"

Wai za ki iya ke nan da yarensu. Na bi ta don kada ta yi kuka a gaban mutane.

A bakin ƙofa ana ba kowa kati, kamar tikitin shiga jirgi, ɗauke da sunan wani fasinja na gaske. Wai ka riƙe shi ka zaga, sai a ƙarshe ka duba ko mai sunan ya tsira. Nawa na wata mata ce daga ƙasar Sham, 'yar aji na uku, wato na talakawa. Ban taɓa sanin da Larabawa a jirgin ba. Muka ga irin ɗakin masu kuɗi da gadonsa na alfarma, muka ga na talakawa, gado kan gado kamar makarantar kwana. Ga farantai, ga agogo, ga takalmin wani. Samari da 'yan mata suna ta ɗaukar hoto suna dariya, raina ya ɓaci. Da na karanta cewa jiragen ceton ba su kai yawan mutanen ba, sai na ce a fili, "Ashe su ma Turawan sun yi irin ta masu jirginmu." Baban Husna ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Akwai wani bango na ƙanƙara da ake cewa ka ɗora hannu ka ji irin sanyin ruwan. Husna ta ɗora ta cire tana ihu. Na ɗora nawa. Ban san lokacin da na ɗauka ba, sai dai na ji tana jan hannuna.

Ɗaki na ƙarshe ba kowa yake dariya ba. Bango ne guda, sunaye daga sama har ƙasa, waɗanda suka tsira a gefe, waɗanda suka mutu a gefe. Na ga wani tsoho Basine yana bin layi da yatsa, da wasu 'yan mata masu lulluɓi, da Indiyawa, kowa yana neman mutumin da ba danginsa ba, wanda ya mutu fiye da shekara ɗari. Ta Husna ta tsira, ta yi tsalle. Na babanta bai tsira ba. Ni, da yake na saba da rajista, nan da nan na samo tawa a cikin matattu. Na karanta sunanta da ƙarfi, na ce Allah ya jiƙan musulmi. Sai na ji abin da na yi. Sunan baƙuwa ya fita daga bakina ba nauyi, ga shi a rubuce ana zuwa daga ko'ina ana karantawa, nawa ɗan kuwa da na haifa, 'yar ƙanwarsa tana tsaye kusa da ni ba ta san an taɓa yin sa ba. Kunyar da na riƙe don in girmama shi, ita take shirin shafe shi. Wallahi baƙin ciki na ji, da haushin kaina.

A gefe akwai tebur da ƙananan takardu, masu ziyara suna rubuta abin da ke ransu suna mannawa. Na ɗauki biro na rubuta. Husna ta leƙo.

"Kaka, waye wannan? He's not on the wall."

Na ce, "Ba ya cikin wannan jirgin. Nasa ƙarami ne. Kawunki ne, yayan mamanki."

"Mummy tana da wani yaya? What's his name? Ba na iya karanta rubutunki."

Babanta yana tsaye a bayanmu riƙe da jakarta. 

Na ce, "Shu'aibu."

Rufin bai faɗo ba. Na sake faɗa, na uku ma na faɗa ina kuka. Na zaunar da ita a benci na ba ta labarin kwale-kwalen, da aji huɗu, da lamba ta goma sha ɗaya, da abin da yake cewa in na yi shiru.

Da muka fito muka zauna a wani shagon shayi na Indiyawa musulmi, mamak suke ce masa. Na ga in na bari muka koma gida shi ke nan. Na ɗaga kai na kalli surukina ido cikin ido, karo na farko a shekara goma. Ashe yana da ɗan tabo a gira.

"Baban Husna, ina da roƙo. Sunan da ka ji na faɗa, shi nake so a sa wa yaron nan."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Mama, wallahi da na sani. Tun ranar haihuwa na yi masa huɗuba da sunan Baba, kuma na riga na faɗa masa. Amma bari in kira shi."

Ya kira Funtuwa, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. Muka koma gida. Rana ta shida ta wuce bai ce mini komai ba, ni kuma na shige kicin ina cin kaina. Tsofai-tsofai da ke, kin je kin ƙwace wa dattijo takwara, me za a ce a Funtuwa? Rago ma ban tanka ba, duk da ta waya aka saye shi, aka turo hotonsa, wai a gona za a yanka a kawo shi a dafe.

Ranar suna, bayan sallar asuba, maza suka taru a ɗan masallacin da ke ƙasan benen da dabino da alewa, goro kuwa sai ɗan kaɗan da wani ya yi tsaraba. Mu mata muna sama muna jira. Aka ƙwanƙwasa, Baban Husna ya shigo ya durƙusa, ya danna wayarsa ya miƙo mini. Muryar mahaifinsa ce, Alhaji Lawal, saƙon da ya turo.

"Malama, ina gaisuwa. Yaron nan ya faɗa mini. Ni takwarorina uku a gidan nan, duk sun ishe ni da ɓarna. Kuma ina nan da raina, kullum ana kirana. A ba wanda aka daina kira. Allah ya raya Shu'aibu."

Ban san ina da sauran guɗa a bakina ba. Na rangaɗa ta a hawa na goma sha bakwai, na sake rangaɗawa, sai ga Makcik Rosnah da gudu ba takalmi, ta zaci abin silin ne ya sake tashi. Bilkisu ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Yaya Shu'aibu, Mama, Yaya Shu'aibu." Ashe ita ma tun cikin yana wata uku take so, take tsoron fama mini ciwo. Murnar da na yi ran nan ban yi irinta ba ko ranar da na sauka a Makka.

Matan suka fara kawo shawarar laƙabin da zan riƙa kiransa da shi, tun da a ganinsu ba zan iya faɗin sunan ba. Wata ta ce Sadauki, wata ta ce Khalifa. Na ce su riƙe abinsu. Na yi kwana arba'in da huɗu a can, don Makcik ta ce ba za a rage ko ɗaya ba, kuma kullum sai na kira shi da sunansa ya fi sau ashirin. Wannan ita ce kunyar da kuka ji an ce na ajiye, kuma ba ni da niyyar komawa in ɗauko ta.

A jirgin dawowa na buɗe taga. Ruwa ne kawai, da yawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta hanyar bakin kogi zuwa kasuwa, na tsaya inda kwale-kwale suke lodi. Nan wayata ta yi ƙara, Bilkisu ce ta kira ta bidiyo, Husna tana riƙe da ƙanenta a cinya. Ga mutane, ga masu kifi, ga wasu da na koyar suna kallona. Na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo, na ɗaga murya.

"Shu'aibu!"

Yaron ya zuba mini ido yana tsotsar yatsa. Husna ta kama ɗan hannunsa ta ɗaga sama.

"Present, ma."